Sunan da Ba a Kamawa

Malaman tauhidi na dauri sun daɗe suna kai da komowa a kan wata mas'ala wadda mai saurare zai zaci ba ta tsinana wa talaka kome, watau ko suna shi ne ainihin mai sunan, ko kuwa wani abu ne dabam da aka rataya masa don a rarrabe shi da waninsa. Kuma ko da yake ni ban isa in sa baki cikin jayayyar manya ba, na lura da cewa matan ƙasar Hausa, waɗanda galibinsu ba su taɓa jin labarin wannan muhawara ba, sun riga sun yanke hukunci a kanta tun zamanin kakanni, kuma da aiki suka yanke shi. A wurinsu suna wani yanki ne na jikin mai shi. Yadda yaro ba ya miƙa hannu ya dafa kan babba, haka nan ba ya miƙa harshe ya ɗauko sunansa, shi ya sa idan ya yi gangancin haka ba mu cewa ya faɗi sunan, sai mu ce ya kama shi.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta yi kusan shekara casa'in a ƙarƙashin wannan hukunci, ta ga 'ya'ya, ta ga jikoki, ta ga tattaɓa-kunne, amma sunan da aka yanka mata rago a kansa bai fita daga bakin mutane ba sai a wurare ƙididdigaggu. Na ce kusan casa'in domin ita ba da lamba take lissafin shekarunta ba, da sarakuna da manyan al'amura take yi. An haife ta a wani ƙauye na gabashin Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau gado a 1926. Tana 'yar talla sojan da aka kai Bama suka komo gida bayan yaƙin Hitila. Ta haife ni a shekarar da Sarki Abdullahi ya rasu Sanusi ya gaje shi, watau 1953. Tana goyon ƙanwata Sarauniyar Ingila ta zo ƙasar nan a 1956. Da muka jera waɗannan a takarda bayan rasuwarta sai lissafi ya tsaya a tamanin da bakwai bisa shekarun Bature, sai wani ƙanenmu almajiri ya ce bai yarda ba, domin shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kwana 11, saboda haka duk shekara 33 ana samun rarar guda. Kuma tun da yake da ganin wata Allah ya wajabta mata azumi, da shi ta yi idda, da shi ta yi aikin hajji, to da shi ya kamata a ƙirga mata kwanakinta. Da wannan hujja ya kai ta bakin casa'in, ba wanda ya yi masa musu.

Sunan yanka, kamar yadda kowa ya sani, safiya guda yake yi a fili. Rana ta bakwai maza su taru a ƙofar gida bayan asuba, a raba goro, liman ya yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar da sunan har matan cikin gida su ji su rangaɗa guɗa, wanzami ya yi aski; kafin hantsi ya dubi ludayi an riga an naɗe sunan an ajiye, an fito da wani na yau da kullum. In ranar Lahadi aka haifi yarinya Ladi ce, in Alhamis Lami, in Jumma'a Jummai, in Asabar Asabe. In ta biyo bayan maza a jere Kande ce ko Delu, in ta biyo tagwaye Gambo, in cikin watan azumi ta zo Azumi. Kai, hatta sunayen yankan ma an yi wa kowanne mayafinsa, Fatsima ta zama Binta, A'isha ta zama Indo, Hauwa ta zama Kulu, Zainabu ta zama Abu, Hadiza ta zama Dije, sau da yawa don akwai wata babba a gidan da ke ɗauke da sunan, wadda ba zai kyautu a riƙa ƙwala shi a tsakar gida tana ji ba. Mahaifiyata ta zo bayan maza uku, mai karatu ya san abin da aka kira ta da shi har ta isa aure.

Sa'ad da aka kai ta gidan mahaifina, wanda babban gida ne na gandu mai sassa da yawa, wancan lakabi ya tsaya a garinsu, ta zama Amarya, kuma Amarya ta ci gaba da zama har tana da 'ya'ya huɗu, domin wannan suna ba ya barin mace sai wata ta zo ta karɓe shi daga hannunta. Ranar da aka kawo abokiyar zamanta ta wayi gari Uwargida. Lafazin uwa a harshenmu ya wuce haihuwa nesa, ana aza shi a kan duk abin da wasu ke dogara a kansa: asalin jarin ɗan kasuwa uwar kuɗi ne, wadda ke rabon abinci ranar biki uwar tuwo ce, wadda ƙaramar mace ke kai wa kuka uwar ɗaki ce, ƙarfen nan da maƙeri ke aza kowane aiki a kansa ya yi ta duka kuwa uwar maƙera ake ce masa. A shekarun da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano sana'arta man gyaɗa ce. Ta soya gyaɗa a kasko, ta murje ta, ta fece ɓawon da faifai, a niƙo, ta zuba a turmi tana tuƙawa tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya taso ya kwanta a bisa, ta kwashe shi da ludayi, ta matse tunkuzar da hannu biyu, ta mulmula ƙuli-ƙuli ta soya cikin man da ta fitar. Da kuɗin wannan aiki ta zuba adashi, ta yi bikin ƙawaye, ta tara kwanukan jeren 'ya'yanta mata ɗaya bayan ɗaya, alhali ita kanta ba ta taɓa taka kasuwar da ake sayar da man ba.

Ni ne ɗanta na fari, kuma a nan ne maganar take da nauyi a gare ni, domin tun daga ranar da ta haife ni har ranar da aka ɗauki makararta ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Bisa al'ada ta koma gidan iyayenta goyon ciki, a can ta haihu, a can ta yi wankan jego na kwana arba'in da tafasasshen ruwa safe da yamma, ta sha kunun kanwa. Amma tsofaffin gidan sun ba ni labari cewa in akwai mutane a ɗaki ba ta ɗaukata, sai an miƙa mata ni an matsa mata, ta ba ni mama tana kallon bango, kuma da lokacin yaye ya yi aka kai ni ɗakin kakata ta wajen uba, a can na tashi, ita nake kira Inna. Idan dole ta kama mahaifiyata ta yi zancena sai ta ce "yaron nan", ko "wancan", ko kuwa "shi" kurum, kowa kuwa ya san wanda ake nufi. Duk wani yaro na unguwa da aka sa masa suna irin nawa, ita a wurinta "mai suna" ne, ba ta ƙara kome a kai. Da na girma na fara koyarwa sai ta sami sauƙi, ta koma ce mini Malam kamar yadda sauran mutane ke yi.

Abin da na fi tunawa shi ne dawowata hutu daga makarantar kwana. In yi sallama, ƙannena su taso a guje, abokiyar zamanta ta tarye ni da murna tana tambayar hanya, ita kuwa tana bakin murhu ba ta ko ɗaga kai, in durƙusa daga nesa in gaishe ta, ta amsa da kalma biyu tana gyara itace. Sa'an nan sai in ji ta tana magana da ƙanwata, da murya wadda aka auna daidai yadda za ta iso kunnena: "Tambaye shi ko ya yi salla. Ce masa ruwa na bayan ɗaki. Ya rame, ko ba su ba su abinci a can?" Ni kuma in ba ƙanwata amsa, ita ta maimaita, alhali mu ukun duka tsakaninmu bai fi taku biyar ba. Da dare a kawo mini tuwo a kwanon da ba a fito da shi sai an yi baƙo, in kai loma ta uku in tarar da tsokar nama a binne ƙarƙashin malmala, inda idon sauran yara ba zai kai ba. Ranar komawa kuwa akwai ƙullin ƙuli-ƙuli da kwalbar mai da sule biyu a bakin zane, waɗanda ba ita ke miƙo mini ba, kuma ba a cewa daga wurinta suka fito.

Wannan sakaye suna shi muke kira alkunya, kuma lafazin yana ɗauke da alamar Larabci a goshinsa. A wurin Larabawa alkunya ita ce a kira mutum Abu wane ko Ummu wane don girmamawa, galibi da sunan babban ɗansa, har Nana A'isha, wadda ba ta haihu ba, an yi mata alkunya da Abdullahi ɗan 'yar'uwarta Asma'u. Abin lura shi ne, sunan da Balarabiya ke ado da shi, ana kiranta da shi tana amsawa, shi ne ainihin sunan da Bahaushiya ta haramta wa harshenta. Niyya guda ce, watau kiyaye mutunci, amma kowace al'umma ta bi tata hanya. Matan birni na yanzu da ake kira Maman wane da Maman wance sun koma hanyar Larabawa ba tare da sun yi shawara da kowa ba. Kuma mai karatun Alƙur'ani ya san cewa duk matan da aka kawo ƙissarsu a cikinsa, mace guda ce tak aka ambata da sunanta, ita ce Maryamu. Sauran kuwa uwar Musa ce, da matar Fir'auna, da matar Imrana, da matar Azizu. Ba ina kafa hujja da wannan ba ne a kan al'adar kakanninmu, domin malamai sun yi gaskiya da suka ce kunyar ɗan fari ba ta da asali a shari'a: Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana kiran 'yarsa Fatsima da sunanta, yana sumbatar jikokinsa a gaban jama'a, har ya tsawata wa wani shugaban ƙabila da ya yi alfaharin cewa bai taɓa sumbatar ko ɗaya cikin 'ya'yansa goma ba. Na kuma san 'ya'yan fari da suka tashi da ƙulli a zuci, suna zaton an ƙi su ne, wasu ma ba su warware ba har iyayen suka kau. Ni kaina ina yaro abin ya sosa mini rai.

Amma fa wanda zai yi wa waɗannan mata hukunci ya kamata ya fara duba inda aka ajiye su. Yarinya ce 'yar shekara goma sha shida ko sha bakwai, a gidan surukai, a tsakiyar facaloli da dangin miji waɗanda ke auna kowane motsinta, ta haifi ɗa wanda bisa fahimtar gidan ba nata ba ne ita kaɗai, na zuri'a ne; in ta rungume shi tana yi masa rawa a gabansu, ta nuna ke nan ta fi kowa iko da shi, ta kuma tallata abin da kunya ta ce a rufe. Saboda haka sai ta yi kara, ta sakar wa uwar miji da kishiya da gwaggo, ta ja baya don yaron ya sami iyaye da yawa. Na tabbata da ta nuna ni a fili da abokiyar zamanta ba ta riƙe ni yadda ta riƙe ni ba, kuma da ba a wayi gari yau ni da 'yan'uwana na ɗaya ɗakin baƙo ba ya iya rarrabe mu ba. Kawaicin nan tsada gare shi, kuma ita ta biya mafi yawan kuɗin.

Lokacin da na gane iyakar abin da take dannewa shi ne sa'ad da na haihu. Al'adar da ta ɗaure mata harshe a kan ɗa ita ce ta kwance mata shi a kan jika, domin tsakanin kaka da jika wasa ne halattacce wanda ba mai hana shi. Sai ga matar nan da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba tana kokawa da ɗana a kan tabarma, tana ce masa maigidana, tana tuhumarsa da rowa, wai ya bar ta ba kuɗin cefane ba zanen salla, shi kuma yana ce mata ya sake ta ya auro yarinya mai haƙora. 'Ya'yana mata kuwa kishiyoyi ne, kullum ana faɗa a kan wa ta fi iya miya. Ta san sunan kowane jika na yanka da na wasa, tana kiransu da ƙarfi tun daga zaure, tana yi wa kowanne kirarin da ta ƙaga masa. Da dare su kewaye ta a yi ta Gizo da Ƙoƙi har barci ya kwashe su a jikinta. In ta ba su kuɗi da lissafin da ta saba take ba su, domin ko da aka canja kuɗi a 1973 aka kawo naira da kobo, ita ba ta bar sule da fam ba: naira biyu fam guda ce a bakinta, naira ɗari biyu jaka, yaran su yi ta dariya, ita kuma ta ce su ne ba su iya ƙirga ba. Ina zaune a gefe ina kallo, ina sane da cewa duk wannan zance da ake zuba wa 'ya'yana nawa ne aka ajiye mini shekara talatin, aka biya ta hannunsu.

Da aka haifa mini 'ya ta biyu na sa mata sunan mahaifiyata, kamar yadda ɗa ke yi, sai ga shi na ɗaure kaina da igiyar da ta ɗaure ta: ba ni da bakin kiran 'yar da na haifa, dole muka koma ce mata Ummi, yadda wasu gidaje ke cewa Mama ko Uwani ko Hajiya ƙarama. Mutum guda ne a gidan ke da ikon kama wannan suna, ita ce mai shi. Takan kira yarinyar takwara, amma in ta so tsokana sai ta kira ta da cikakken sunan, ta ja shi, tana kallon gefen da nake, tana murmushi. A bakinta na fi jin sunanta.

A waje kuwa sau ɗaya na ji an kira shi tana raye, shi ne shekarar da na kai ta aikin hajji. Malamin da ke cika takardu ya tambaye ta sunanta, ta faɗa da ƙyar kamar mai amsa laifi. Ya tambayi sunan mijinta, ta yi shiru. Ya tambayi sunan wanda zai raka ta, ta nuna ni da haɓa ta kau da kai, sai da na karɓi zancen. A sansanin alhazai kuma, da aka zo kiran sunaye da lasifika, an kira nata har sau biyu tana zaune ba ta motsa ba, sai da na taɓa gefen mayafinta; ta tashi tana salati, tana cewa wane marar kunya ne wannan. Daga wannan tafiya ta komo da haƙorin Makka da sunan Hajiya, wanda ya rufe duk na baya. Bayan rasuwar mahaifinmu ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, ta ƙi zancen wani aure, ta zauna a ɗakinta. Mu 'ya'yanta in muna zancenta a tsakaninmu Tsohuwa muke cewa, kuma duk wanda ya ji yadda Bahaushe ke furta "tsohuwata" ya san ba shekaru yake ƙirgawa ba.

Ba a gidajen talakawa kaɗai abin ya tsaya ba. Mahaifiyar Sarkin Kano da ɗakinta ake kiranta, Mai Babban Ɗaki. A Gobir akwai sarautar Inna, a Daura akwai Magajiya, a wasu masarautu akwai Iya, duk kalmomin cikin gida ne suka hau karaga. Tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau wadda ta ba Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954 bayan rasuwarta, duniya ba ta san ta da kome ba sai Baba ta Karo, watau abin da yaran gida ke kiranta. Sai dai a nan akwai hasara wadda ba zan ɓoye ba. Mutum ya iya jero kakanninsa maza har bakwai, amma a tambaye shi sunan uwar kakarsa ya yi tsuru-tsuru, domin abin da ba a faɗa ba a gadonsa. Girmamawar da ta lulluɓe matan nan suna raye ita ce take shafe su daga nasaba bayan sun kau. Malamin da ake zuwa wurinsa neman addu'a ne kaɗai ke tambayar mutum sunan uwarsa, shi ma a asirce ake gaya masa.

A ƙarshen rayuwarta yanar ido ta rufe mata gani, aka yi aiki bai yi wani amfani ba, sai ta koma gani da hannu. In an kawo mata jariri ɗan jika sai a aza mata shi a cinya, ta shafa kansa, ta bi goshi da hanci, ta tattaɓa kunnuwan, ta ce wannan na gidan wane ne, ya ɗebo kunnen kakansa. Kuma sau da yawa takan dace. Ni dai a wurinta na ga ma'anar tattaɓa-kunne da idona. Hankalinta bai gushe ba, carbinta bai bar hannunta ba, kuma har a jinyar ƙarshe, in na shiga na zauna a bakin gado, sai ta juya wajen wadda ke jinyarta ta ce, "Malam ne? A ce masa ya je ya huta."

Ta cika da asubahin wata Jumma'a. Harshenmu bai yarda a ce irinta ta mutu ba, sai a ce ta rasu, ko ta cika, ko ta riga mu gidan gaskiya, ko kwananta ya ƙare, ko Allah ya karɓi abinsa. Alkunya ce ita ma, ana sakaya mutuwa yadda ake sakaya sunan babba. Mata suka yi mata wanka, aka sa ta cikin likkafani, aka fito da makara ƙofar gida, liman ya tsaya daidai kafaɗunta kamar yadda mazhabar Malikiyya ta tanada ga mace, sa'an nan mai sanarwa ya juyo ga sahu ya faɗi abin da ake faɗa don masu niyya su san lamirin da za su yi addu'a da shi: "Mace ce." Bayan Amarya da Uwargida da Hajiya da Kaka, da wannan aka yi mata kabbara huɗu. Kafin azahar kuma ta sami na ƙarshe, wanda ba a canja shi, marigayiya, watau wadda ta riga. Lafazi ne da ke magana a kan mamaci amma yana nuna masu rai da yatsa.

Da aka dawo daga maƙabarta wani cikin samarin gidan ya zo da takarda zai kai sanarwa gidan rediyo, ya durƙusa ya tambaye ni, a matsayina na babba, sunan da za a rubuta. Ina da shekara saba'in a duniya, ga furfura, ga jama'a na kallo, harshena ya ƙi. Sai na ce masa ya rubuta sunan Ummi na yanka. Da yamma aka karanta, ta rasu ta bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne masu yawa, kuma na ga wasu jikokinta, manya masu aure, suna tambayar juna ashe haka sunanta yake.

Masu ta'aziyya sun yi ta zuwa kwana da kwanaki, suna tambaya yaya haƙuri, muna cewa da godiya, suna roƙa mata gafara da rahama, suna roƙa mana cikawa da imani. Da yawa sun ƙara da cewa ai wannan ba abin kuka ba ne, ta yi tsawon rai, ta ga abin da ake so a gani; kuma gaskiya suka faɗa, sai dai tsawon zama ba ya rage zafin rabuwa, sabo yake ƙarawa. Malaman fiƙihu sun ce yatimi shi ne wanda ya rasa uba kafin ya balaga, ba yatimci bayan balaga. Amma wata tsohuwa ƙawarta, da ta zo dogare da sanda, ta dube ni ta ce, "Yau ka zama maraya, Malam," kuma ban ga malamin da zai iya yi mata gyara ba. Hadisin da Buhari da Muslimu suka ruwaito daga Abu Huraira, wanda aka ambaci uwa sau uku a cikinsa kafin a ambaci uba, bai sa wa haƙƙin nan iyakar shekaru ba.

Jikoki kuwa ba su bar haƙƙinsu na wasa ba. Ranar sadakar bakwai, ana rabon gumba da waina, sai ga takwarar tata ta fito daga ɗakin marigayiya sanye da mayafinta, riƙe da sandarta, ta ranƙwafa tana tafiya irin tata, tana ƙirga kuɗi da sule da fam, tana neman maigidanta marowaci. Matan da ke hawaye suka fashe da dariya, aka yi ta ba ta kuɗi. Ta bi 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya tana kiran kowa da kirarin da Tsohuwa ta yi masa, ba ta tsallake kowa ba. Da ta iso inda nake sai ta kau da kai, ta dubi ƙanwata ta ce, "Tambaye shi ko ya ci abinci." A nan na tashi na bar wurin.

Abin da ta bari na dukiya bai ɗauki malamin rabon gado awa guda ba: akwatin zannuwa, da kwanuka, da tumaki biyar a hannun wani makiyayi, da 'yan kuɗin adashi. Ni ban yi wa ɗana na fari alkunya ba, 'ya'yana ma ba su yi wa nasu, kuma ba na zaton al'adar za ta wuce zamaninmu a birane. Amma na sa an rubuta sunanta da na uwarta da na kakarta a bayan Alƙur'anin gidanmu, da hannun jikanta, don na baya su samu. Wanda ya karanta wannan maƙala har ya kawo nan, ina roƙonsa don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, ya haɗa da tasa mahaifiyar, tana raye ko ta riga mu.